Ikwatoriyal Gini: Maƙwabciyarmu da ke Jin Sifaniyanci

Daga Kalaba zuwa Malabo ta Ikwatoriyal Gini, idan aka miƙe ta kan teku, tafiyar ba ta kai kilomita 150 ba. Kusan nisan Kano da Zariya ke nan. Duk da haka, in ka ambaci Ikwatoriyal Gini a majalisar hira, wani zai ɗauka Gini ta su Sekou Toure kake nufi, wani kuma ya ce ai Gini Bisau ce. Waɗanda suka san ta ma yawanci ƙwallo ce ta haɗa su. A watan Janairun 2024 ta riƙe Super Eagles kunnen doki 1-1 a Abijan, bayan 'yan kwanaki kuma ta lallasa Kwaddibuwa mai masaukin baƙi da ci 4 da nema. Wanda ya kalli wasannin nan ya ji ana kiran Emilio da Iban da Pablo, sai ka rantse 'yan wani kulob ne a Madrid.

Ba kunne ne ya yi kuskure ba. Cikin ƙasashen Afirka masu kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, ita kaɗai ce Sifaniyanci ke zaman harshen ofis da makaranta da kotu. Gabon da kudancin Kamaru, waɗanda suka kewaye ta a tudu, da Faransanci suke aiki. Ta ruwa kuwa ga Najeriya da Ingilishi, ga Sao Tome da harshen Fotugal. Ko rigima ake yi a cikin gidanta, maƙwabta ba sa jin abin da ake faɗa. Amma a ganina bakin zaren labarin ƙasar nan ba a harshe yake ba, yana wajen ƙarancin jama'a. Allah ya ba ta arziki a tudu da ƙarƙashin ruwa, sai dai ba ta taɓa samun isassun hannuwan da za su yi aikinsa ba, ba ta kuma taɓa samun yawan bakunan da za su tilasta a raba shi ba.

Faɗinta murabba'in kilomita 28,051 ne, ta ɗan ɗara jihar Sakkwato. Amma ba dunƙule take wuri ɗaya ba. Kaso mafi girma, wajen murabba'in kilomita 26,000, shi ne Rio Muni, wani yanki na kurmi da ke maƙale tsakanin Kamaru da Gabon, kuma babban garinsa Bata ne a bakin teku. Sai tsibirin Bioko, inda Malabo take, wanda ya fi kusa da gaɓar Kamaru nesa ba kusa ba fiye da sauran ƙasarsa. A ranar da gari ya washe, mutumin Malabo yana hango Dutsen Kamaru. Bioko kanta tsaunin aman wuta ce da ta fito daga teku, ƙololuwarta Pico Basile ta haura mita 3,000, kuma a kudancinta, wajen ƙauyen Ureca, ruwan saman da ke sauka a shekara yakan wuce milimita 10,000, abin da Kano ba ta samu a shekara goma. Can kudu maso yamma kuma, kusan kilomita 600 daga Bioko, akwai ɗan tsibirin Annobon, wanda sai ka tsallake wata ƙasa sukutum, wato Sao Tome da Principe, kafin ka kai gare shi. Abin dariya, layin ikwaita da ƙasar ta ci sunansa bai taka ƙasarta ba ko taku ɗaya: Rio Muni tana arewa da shi, Annobon tana kudu, shi kuma ya bi ta tsakani.

Mutanen da ke zaune a waɗannan gutsattsarin ba su zaɓi juna ba. Kusan kashi 85 cikin 100 Fang ne, mutanen kurmin Rio Muni, waɗanda 'yan'uwansu ke kudancin Kamaru da arewacin Gabon. Ga Bafang na garin Ebebiyin, iyakar ƙasa zancen takarda ce, domin kawunsa na iya zama a Kye-Ossi ta Kamaru, surukansa a Bitam ta Gabon. Dangi ta wajen uba shi ne ginshiƙin zamansu, kuma a al'ada kowane ƙauye na da zauren da suke kira abaa, inda maza ke cin abinci tare, a yi shari'a, a saurari mawaƙin mvet yana kaɗa tsirkiyarsa yana ba da labarin mazan jiya. Asalin mutanen Bioko kuwa Bubi ne, masu bin dangantaka ta wajen uwa, waɗanda a yau ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, har a tsibirinsu ma an fi su yawa. A bakin tekun Rio Muni akwai Ndowe masunta. Mutanen Annobon jikokin bayi ne da Fotugal ta zube a tsibirin, harshensu Fa d'Ambu kuma daga harshen Fotugal ya tsiro. A titunan Malabo kuma ana jin Pichi, wani Turancin buroka ɗan'uwan Krio na Saliyo, wanda ɗan Warri zai tsinci abubuwa da yawa a cikinsa. Mafi rinjaye mabiya ɗariƙar Katolika ne, aikin 'yan mishan na Claret da suka sauka a 1883. Musulmi 'yan kaɗan ne, galibinsu baƙi daga Afirka ta Yamma da Kamaru, ciki har da Hausawa 'yan kasuwa da suka daɗe da kafa zango a manyan garuruwan.

Yadda Sifaniya ta samu wurin ma musaya ce. Matuƙin jirgin ruwan Fotugal, Fernao do Po, shi ne Baturen da ya fara isa Bioko wajen 1472, shi ya sa tsibirin ya shafe ƙarnoni ana kiransa Fernando Po. A 1778 Fotugal ta miƙa wa Sifaniya shi da Annobon domin a daidaita rikicin iyaka da ke tsakaninsu a Kudancin Amurka. Sifaniya ta so ta samu ƙofar sayen bayi ta kanta, amma zazzaɓi ya ci tawagar farko da ta aika, sai ta yi watsi da wurin. A takarda, daga Buenos Aires ta Ajantina ake mulkinsa a farkon lamari, ka ji nisa. Turawan Ingila ne suka cike gurbin: a 1827 suka kafa Port Clarence, wato Malabo ta yau, a matsayin sansanin jiragen da ke farautar masu fataucin bayi. Bayin da aka 'yanta da 'yan Saliyo da suka biyo su ne suka zama Fernandino, masu harshen Pichi. Akwai wani abu a nan da ya shafi tarihin Najeriya kai tsaye. John Beecroft, ɗan Ingila da Sifaniya ta naɗa gwamnan tsibirin a 1843, shi ne kuma Ingila ta naɗa jakadanta mai kula da gaɓar Benin da Biafra a 1849, kuma shi ne ya jagoranci matakin da ya kai ga yi wa Legas luguden wuta a 1851, aka tumɓuke Sarkin Legas Kosoko aka mayar da Akitoye. Wato wani ɓangare na mamayar Najeriya daga wannan ɗan tsibirin aka kitsa shi.

Rio Muni kuwa sai a 1900 aka shata iyakarta a yarjejeniyar Paris. Sifaniya, wadda ta rasa Kuba da Filifin shekara biyu kafin nan, ta je da buƙatar fili mai faɗin gaske, Faransa ta gutsura mata ɗan abin da ta ga dama. Ko shi ɗin ma ba ta gama shiga cikin kurminsa ba sai a shekarun 1920.

Abin da ya mayar da Fernando Po wurin kwaɗayi shi ne koko. Ƙasar tsibirin baƙa ce mai taki, ga ruwa ga inuwa, kokonta ya yi suna a duniya. Daga nan ne ma maƙerin nan Tetteh Quarshie ya ɗauki iri ya kai Ghana, ya shuka a Mampong a 1879, abin da ya zama tushen arzikin ƙasar har gobe. Sai dai koko na son hannu, tsibirin kuma ba shi da shi. Cututtukan da baƙi suka kawo sun rage Bubi ƙwarai, waɗanda suka rage kuma sun gwammace su noma 'yar gonarsu da su yi wa Bature ƙwadago. Sai aka shiga neman lebura ko'ina. An fara da Laberiya, har abin ya zama abin kunya na duniya: binciken da Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani ta yi a 1930 ya gano ana kama mutane da ƙarfi ana tura su tsibirin, lamarin da ya ci kujerar Shugaba Charles King. Da wannan ƙofa ta rufe, ido ya koma kan kudu maso gabashin Najeriya.

Tsofaffin Kalaba da Aba da Uyo sun san kalmar "Panya". Daga España, wato Sifaniya, aka lanƙwaso ta, kuma haka suke kiran tsibirin. Da farko dillalai ne ke tsallakar da samari cikin kwale-kwale da dare, bayan sun cika musu kunne da labarin kuɗi. A 1942 Ingila da Sifaniya suka sa hannu a yarjejeniyar ƙwadago, aka buɗe ofishin ɗaukar lebura, ana rattaba hannu kan wa'adin shekaru, ana riƙe wani kaso na ladan sai an gama. Ibo da Ibibiyo da Efik suka yi ta kwarara, har ya zama a shekarun 1960 'yan Najeriya sun fi 'yan asalin tsibirin yawa. Koke-koken bulala da wulaƙanci ba su taɓa yankewa ba, har wasu jaridu da 'yan siyasar Najeriya suka riƙa kiran a haɗe tsibirin da Najeriya kawai a huta. A ƙarshen shekarun 1960 kokon da ake fitarwa ya haura tan 35,000 a shekara, kuma idan aka raba kuɗin da yawan jama'a, sai Gini ta Sifaniya ta fito cikin mafi wadata a Afirka. Amma gonakin na Turawa ne, gumin na 'yan Najeriya, lissafin kuma na littafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A riƙe wannan hoton, domin zai sake dawowa da wata riga.

Su kuwa 'yan ƙasa, doka ta ɗauke su tamkar yara. Sai wanda aka ba takardar "emancipado", wato an yarda ya waye, ke da ikon yin wasu ma'amaloli da kansa. Makarantun firamare na mishan sun yaɗu, asibitoci ma ba laifi in aka kwatanta da maƙwabta, amma masu digiri ana iya ƙirga su. Da matsin lambar Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi yawa, Sifaniya ta mayar da yankin lardunanta a 1959, ta ba shi cin gashin kai na cikin gida a 1963, sannan 'yanci ranar 12 ga Oktoban 1968. Shugabannin Bubi da dama sun nemi a bar tsibirinsu daban, don sun san ƙidaya ba ta tare da su, ba a saurare su ba. Wani abin mamaki shi ne Janar Franco, mai mulkin Sifaniya a lokacin, wanda ya hana mutanen Sifaniya zaɓen jam'iyyu tun ƙarshen yaƙin basasarsu, shi ne ya shirya wa 'yan mulkin mallakarsa zaɓe mai 'yan takara da yawa. Francisco Macias Nguema, tsohon tafintan kotu kuma magajin garin Mongomo, ya kayar da Bonifacio Ondo Edu.

Shekara 11 da suka biyo baya suna cikin mafi muni da wata ƙasar Afirka ta gani, kuma mafi ƙarancin sani. Cikin wata biyar ministan harkokin wajensa, Atanasio Ndongo, ya mutu bayan an zarge shi da yunƙurin juyin mulki. Ondo Edu ma a tsare ya mutu. Dubban 'yan Sifaniya suka tattara suka bar ƙasar a 1969, da likitocinsu da injiniyoyinsu. A 1970 aka koma jam'iyya ɗaya, a 1972 Macias ya zama shugaba na har abada, a 1973 ya raɗa wa tsibirin sunansa. Ya tsani duk mai ilimi, har kalmar "ɗan boko" ta zama laifi. Ya rufe makarantun mishan, daga baya ya rufe coci-coci. Ya sa aka farfasa kwale-kwale don kada a gudu, a tsibirin da kifi ne abincin mutane. Kuɗin baitulmali ya kwashe ya kai gidansa a ƙauye. Ƙiyasin waɗanda aka kashe ya kama daga 20,000 zuwa 50,000 ko fiye, a ƙasar da mutanenta ba su wuce 300,000 da wani abu ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku sun tsere zuwa Kamaru da Gabon da Sifaniya. 'Yan ƙwadagon Najeriya ma ba su tsira ba: aka daina biyansu, aka harbe wasu, har gwamnatin Najeriya ta aika jirage ta kwaso dubbai tsakanin 1975 da 1976. Da suka tafi, koko ya mutu a tsaye. Macias ya sa aka kamo mutanen Rio Muni aka kai su gonakin da ƙarfi, bai hana komai ba.

Me ya sa duniya ba ta ji ba? A nan ne harshe da ƙanƙanta suka haɗu. Jaridun da za su iya bin labarin cikin sauƙi na Sifaniya ne, gwamnatin Franco kuma ta ayyana duk wani labarin Gini a matsayin sirrin gwamnati daga 1971 har 1976. Jaridun Ingilishi suna da Idi Amin, na Faransanci suna da Bokassa. Ƙasar da ba ta kai wata unguwar Legas yawan jama'a ba, wa zai tura mata wakili?

Ranar 3 ga Agustan 1979 Laftanar Kanar Teodoro Obiang Nguema Mbasogo ya kifar da Macias. Aka yi wa Macias shari'a a wani gidan silima a Malabo, aka harbe shi ranar 29 ga Satumba. An ce sojojin ƙasar sun ji tsoron tsafinsa, sai dakarun Maroko ne suka yi harbin. Gwamnati na kiran wannan juyin mulki "juyin 'yanci", kuma gaskiya ne kisan gilla irin na da ya tsaya, coci da makarantu suka buɗe. Amma wanda ya yi juyin ba baƙo ba ne. Ɗan ɗan'uwan Macias ne, daga Mongomo, daga dangin Esangui, wanda ya yi karatun soja a Zaragoza, ya kuma riƙe tsaron tsibirin da kurkukun Black Beach a zamanin kawun nasa. Gida bai sauya ba, maigida ne ya sauya. Yau Obiang, wanda aka haifa a 1942, ya fi kowane shugaban ƙasa mai ci a duniya daɗewa a kan mulki in aka cire sarakuna. Ko Paul Biya na Kamaru, Obiang ya riga shi hawa mulki da shekara uku. Tun da aka halatta jam'iyyu a farkon shekarun 1990 bai taɓa samun ƙasa da kashi 90 cikin 100 na ƙuri'un zaɓe ba. A 2022 an ba shi kusan kashi 95. Idan aka haɗa da Macias, dangi ɗaya ne ke riƙe da ƙasar tun ranar da aka sauke tutar Sifaniya.

A shekarun 1980 ƙasar da tallafi take rayuwa, da ɗan katakon okoume. Sai mai ya zo. Filin Alba ya fara ba da iskar gas da mai a 1991, amma babbar sa'a ita ce Zafiro, wanda kamfanin Mobil ya gano a 1995 a arewa maso yammacin Bioko, dab da iyakar ruwan Najeriya, har sai da ƙasashen biyu suka shata iyakar a 2000. Aka ƙara da Ceiba a 1999. Kafin tsakiyar shekarun 2000 ana haƙo ganga sama da 350,000 a rana. Ga Najeriya wannan ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, amma a raba shi da mutanen da ba su kai miliyan ɗaya ba a ga. A 2008 kason kowane mutum a takarda ya kai wajen dala 20,000 a shekara, ya kere na wasu ƙasashen Turai.

Kalmar "a takarda" ita ce magana. Ko yawan mutanen ma abin gardama ne: ƙidayar 1994 ta ba da 406,000, ta 2001 ta ce sun haura miliyan ɗaya, abin da masana da yawa suka ƙi yarda da shi, sai ta 2015 ta ba da kimanin miliyan 1.2 har da baƙi. Wani binciken gidaje na 2006, a tsakiyar ganiyar mai, ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na jama'a na cikin talauci. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Kuma man fetur na cikin teku ya fi koko sauƙin riƙewa. Koko na buƙatar dubban leburori da za su iya yajin aiki ko su gudu. Mai kuwa 'yan ɗaruruwan ƙwararru ne a kan dandamali a tsakiyar ruwa, jirgi ya zo ya ɗauka, kuɗi ya faɗa asusu. Gwamnatin da ke samun kuɗinta haka ba ta neman harajin talaka, don haka ba ta jin dole ta saurare shi. In jama'ar kuma 'yan kaɗan ce, muƙami da kwangila sun isa su rufe bakin kowane babban gida, kurkuku ɗaya kuma ya ishi sauran.

Inda kuɗin ya bi, ba zargin 'yan adawa ba ne kawai, kotuna da majalisu sun yi magana. A 2004 binciken Majalisar Dattawan Amurka ya gano asusun gwamnatin ƙasar da na iyalan shugaban a bankin Riggs na Washington, waɗanda suka kai dala miliyan 700, kuma badaƙalar na cikin abin da ya kawo ƙarshen bankin. Ɗan shugaban, Teodoro Nguema Obiang Mangue, wanda aka fi sani da Teodorin, mataimakin shugaban ƙasa tun 2012, ya yi sulhu da ma'aikatar shari'ar Amurka a 2014 ya sallama kadarori na kusan dala miliyan 30, ciki har da katafaren gida a Malibu. A 2017 wata kotun Paris ta same shi da laifin halatta kuɗin haram, ta yanke masa ɗaurin shekara 3 na je-ka-gyara-halinka, ta ƙwace kadarorinsa har da wani gida a titin Foch. A 2019 aka yi gwanjon motocinsa na alfarma 25 a Siwizalan, aka samu wajen dala miliyan 27. Shi da gwamnatinsa sun ce duk bi-ta-da-ƙulli ne irin na 'yan mulkin mallaka. Turawan ma dai hannunsu ba wankakke ba ne. Bankunansu ne suka karɓi kuɗin, kuma a 2004 sojojin haya ƙarƙashin Simon Mann, tsohon hafsan Birtaniya, suka shirya kifar da gwamnatin don su ci rabonsu, aka kama su a filin jirgin Harare. Mark Thatcher, ɗan tsohuwar firaministar Birtaniya, ya amsa laifi a kotun Afirka ta Kudu kan hannunsa a ciki. Wannan yunƙuri ya zame wa Obiang kyauta, domin tun daga nan duk mai suka ana iya liƙa masa sunan ɗan koren baƙi.

Adalci ne a faɗi cewa an yi gini. Wanda ya san Malabo da Bata a 1990 ba zai gane su ba. Akwai tituna masu kyau da suka ratsa kurmi, da tashoshin ruwa, da filayen jirgi, da madatsar Djibloho mai ba da lantarki. Shirin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da aka fara a Bioko a 2004 da kuɗin kamfanonin mai da gwamnati ya rage cutar sosai. Amma dubi abin da aka fifita. An gina Sipopo, wurin shaƙatawa a gefen Malabo, da gidajen alfarma 52, ɗaya ga kowane shugaba, saboda taron Tarayyar Afirka na 2011. An karɓi gasar kofin Afirka a 2012 tare da Gabon, aka sake karɓa a 2015 cikin gaggawa bayan Maroko ta janye saboda tsoron Ebola. An share kurmi an gina sabon babban birni, Ciudad de la Paz, can kusa da yankin su shugaban, nesa da teku inda mahara za su iya fitowa. Rahoton Human Rights Watch na 2017 ya nuna a shekarun da aka samu alƙaluma, kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na kasafi kawai lafiya da ilimi kowanne ke samu, gine-gine na cin wajen kashi 80. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kwangilar titi ana iya ba kamfanin ɗan gida, albashin malamin firamare kuwa ba a cin komai a cikinsa. Kuma wa ya yi ginin? Kamfanonin Sin da Maroko da Masar da Turai, da leburori daga Kamaru da Mali da Senegal da Benin da Najeriya, waɗanda ake yi wa kamen takardu lokaci zuwa lokaci a kora. Panya ce ta dawo da hular kwano.

Siyasar harshen ƙasar ma ta neman abokai ce. Ta shiga kuɗin sefa a 1985, ta ƙara Faransanci cikin harsunan gwamnati a ƙarshen shekarun 1990, ta ƙara harshen Fotugal a 2010 don ta samu shiga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da shi, aka karɓe ta a 2014 bisa alƙawarin soke hukuncin kisa, wanda sai a 2022 aka cire shi daga dokar laifuka. Amma a kasuwa da aji da gidan rediyo, Sifaniyanci ne ke haɗa Bafang da Bubi da ɗan Annobon, kuma yaran birni da yawa yanzu da shi suke fara magana. Tukunya dai ta nan gida ce: rogo da agada da gwaza, miyar gyaɗa, kifi a ganye, da farfesu mai yaji da suke kira pepesup, a kora da bammi ko malamba ta rake. Dubban 'yan ƙasar na zaune a Madrid da Barcelona da Valencia, kuma 'ya'yansu ne ke cika ƙungiyar ƙwallon ƙasa, Nzalang Nacional. Ta mata ma ta taɓa karya mana lago: ita ce ƙasa ta farko da ta ƙwace kofin Afirka daga hannun Super Falcons, a 2008, ta maimaita a 2012.

Ƙorafin tsibirai bai mutu ba. Bayan wani hari da aka kai wa jami'an tsaro a garin Luba na Bioko a Janairun 1998, an kama Bubi da yawa an azabtar. A 2024 aka katse wa Annobon intanet bayan mazauna sun koka kan fasa duwatsu da nakiya a tsibirinsu. Ko cikin Fang ɗin ma, wanda ba ɗan Mongomo ba ya san matsayinsa. Fashewar da aka yi a barikin Nkoantoma a Bata ranar 7 ga Maris 2021, wadda ta kashe mutum fiye da 100, ta tona asirin asibitocin birni mafi yawan jama'a a ƙasar, sai da aka nemi agajin waje.

Yanzu kuma miyar ta fara ƙarewa. Rijiyoyin sun tsufa, farashi ya faɗi a 2014, tattalin arzikin ya yi shekaru a jere yana ƙanƙancewa. Ƙasar da ta shiga OPEC a 2017 ta je wurin Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 2019 ta karɓi shirin dala miliyan 280. Ɗanyen man da take fitarwa ya faɗo ƙasa da ganga 100,000 a rana, kuma a 2024 ExxonMobil ya tattara ya bar wa kamfanin gwamnati, GEPetrol, filin Zafiro. Hukuncin Kotun Duniya na Mayun 2025, wanda ya ba ta tsibirin Mbanie da take jayayya da Gabon a kansa, ya sa ana fatan samun sabon mai a ruwan wajen, amma fata ba ganga ba ce. Shugaban ya haura shekara 80, ɗansa na jiran gado, ba kowa ne a cikin gidan ke murna da hakan ba.

Abin da ya rage mai ƙarfi shi ne masana'antar sarrafa iskar gas ta Punta Europa a gefen Malabo, wadda ta fara fitar da kaya a 2007. Ita ma gas ɗin Alba da ke ciyar da ita yana ja da baya, don haka sai an nemo daga waje. An ƙulla yarjejeniya da Kamaru kan filayen da ke kan iyakarsu, kuma a Agustan 2024 Shugaba Tinubu ya je Malabo aka sa hannu kan shimfiɗa bututun da zai ɗauki gas daga Najeriya zuwa Bioko, ta kan ruwan nan da kwale-kwalen Panya suka riƙa ratsawa da dare.